Ƙwanson Teku, Laimiston ko Garin Ƙashi: Wanne Mai Kajin Ƙwai a Jos da Abuja Zai Saya?

Duk mai haɗa abincin kajin ƙwai da kansa, a Bukuru yake ko Zawan, a Kuje ko Gwagwalada, ya san cewa ciniki da gardama a kan masara da waken suya suke ƙarewa, domin su ne suke cin kuɗi. Amma abin da yake sa ƙwai ya isa kasuwa lafiya ko ya tsage tun yana cikin kiret wani abu ne daban, wato kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashi da ɓawon ƙwai, kuma hanyoyin samunsa a kasuwanninmu uku ne. Akwai ƙwanson halittun teku da ake kawowa daga Kudu ana sayar da shi da sunan ɓawon kawa, akwai dutsen laimiston, irin wanda ake yin siminti da shi, da ake niƙawa, sannan akwai garin ƙashi da ake samu daga mayanka. Masu sayarwa kowa nasa yake yabo, masu kiwo kuma da yawa sun riƙe abin da suka tarar ana yi, shi ya sa ya kamata a auna ukun nan da ma'auni ɗaya.

Sai an san abin da kaza take yi da kalsiyam sannan kwatancin zai yi ma'ana. Ɓawon ƙwai ɗaya yana da nauyin giram 5 zuwa 6, kusan kashi 95 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne, wanda hakan ke nufin kalsiyam zalla kimanin giram 2 yana fita daga jikin kaza tare da kowane ƙwai. Hanjinta kuwa ba ya tsotse duk abin da ta ci, kusan rabi ko ɗan fiye yake ɗauka, don haka kazar da take kan ganiyar ƙwai tana bukatar giram 4 zuwa 4.5 a abincinta kowace rana. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kusan awa 20 daga ciki kuma a wurin ɗora ɓawo yake yin su, mafi yawan wannan aiki da dare ne, lokacin da kaza take barci ba ta cin komai. Idan cikinta babu sauran kalsiyam a wannan lokaci, sai jiki ya koma ga ƙasusuwanta ya yi rance, kuma rancen da aka maimaita dare bayan dare shi ne yake kai wa ga ɓawo mai laushi, da kajin keji da ake tarar da su zube sun kasa tsayuwa. Saboda haka tambayar ba ta tsaya ga yawan kalsiyam ɗin da ke cikin buhu ba, ta haɗa da tsawon lokacin da zai zauna a ƙundun kaza yana narkewa a hankali.

Buhun da aka ce ɓawon kawa ne ba lallai ya zama na kawa kaɗai ba. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma tana da halittu masu ƙwanso iri-iri da ake ci a zubar da ƙwansonsu, kuma mai tarawa ba ya cika tsayawa tantancewa. Mafi cancantar a sani a cikinsu shi ne wani makankarin teku mai ƙwanso biyu da masana suke kira Senilia senilis, wanda Linnaeus ya fara siffanta shi a 1758. Yana rayuwa binne cikin laka da yashi a inda koguna suke haɗuwa da teku, tun daga Murtaniya har zuwa Angola, kuma ana tsintarsa a fadamun Neja Delta idan ruwa ya janye. Jininsa ja ne, saboda yana ɗauke da sinadarin da yake ja a jinin mutum, abin da yake taimaka masa ya rayu cikin laka mai ƙarancin iska. Ƙwansonsa fari ne daga ciki, daga waje yana da fata mai duhu da faffaɗan gwaɓa-gwaɓan layuka da suka taso daga gindi zuwa baki, kuma yana da kauri da nauyin da suka wuce girman naman da ke cikinsa nesa ba kusa ba. Ƙarƙonsa ya kai ga cewa a Senegal, a yankin Salum, akwai tuddai da aka yi su da tarin ƙwanson da mutanen da suka ci suka zubar ƙarni bayan ƙarni, kuma tsibirin Fadiyut a kan irin wannan tari yake zaune. Mutanen gaɓa sun daɗe suna ƙona shi su yi farin gini.

Wannan kauri yana da riba da hasara ga mai kaji. Ribar ita ce idan aka fasa shi yana ba da tsakuwa mai tauri wadda ba ta saurin zama gari, tana kwana a ƙundu tana sakin kalsiyam kaɗan-kaɗan, kuma saboda ƙwanson buɗaɗɗe ne kamar cokali, wanke shi yana da sauƙi. Hasarar ita ce yana wahalar da injin niƙa, yana cinye guduma da rariyarsa, sannan ba kasafai yake fashewa daidai ba, wani ya fito ƙato mai kaifin baki wanda kaza za ta tsallake, wani ya zama ƙura. Ƙwanson kawa na gaskiya, irin wadda take manne a saiwar itatuwan bakin teku, jikinsa falle-falle ne, yana ɓarewa siriri-siriri, kaji suna son tsintarsa, kuma shi ne aka fi yin bincike a kansa a duniya. Na uku a cikin buhunan shi ne ƙwanson ƙananan katantanwar fadama masu tsini da ake miya da su a Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba. Shi ma kalsiyam kabonet ne, amma cikinsa murɗaɗɗe ne, laka da yashi da guntun nama suna maƙalewa a ciki, kuma a ganina shi ne ya fi bukatar a yi masa kallon tsanaki kafin a biya kuɗin ɓawon kawa a kansa. A wajen sinadari ukun ba su da nisa da juna, domin ƙwanso mai tsabta yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 38 cikin 100, alhali iyakar abin da kalsiyam kabonet zalla zai iya ɗauka kashi 40 ne.

Matsalar ƙwanso ba daga halittar take zuwa ba, daga hanyar da ya biyo take zuwa. An tara shi ne a bakin ruwa ko a juji bayan an cire nama, don haka yashi yana shiga da gangan ko ba da gangan ba, gishirin teku yana iya saura a jikinsa, kuma ragowar nama da danshi suna iya ɗauko ƙwayoyin cuta irin su salmonela zuwa gonar da ba ta da su. Yawan gishiri a abinci ko ruwan sha shi kansa yana ɓata ɓawon ƙwai, ga shi yana sa kashi ya yi ruwa. Akwai kuma batun gurɓatar wasu fadamun Neja Delta da ɗanyen mai, wanda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya tabbatar, kuma kawa da makankari tace ruwa suke yi su ci. Wannan bai sa a guje wa ƙwanso ba, amma ya isa dalilin da zai sa mai sayen tan-tan ya tambayi daga ina kaya suka fito. Wanda aka wanke aka busar sosai, ko aka ɗan gasa shi a wuta marar ƙarfi, shi ne abin nema. Wanda aka ƙone ƙurmus har ya koma fari fat yana ruɓushewa a hannu kuwa ya tashi daga abincin kaji, domin zafin da ya haura digiri 800 yana mayar da shi farin gini mai ƙuna, kuma wannan yana ƙona baki da maƙogwaron kaza.

Laimiston, idan aka bi asalinsa, galibinsa ƙwanson halittun tekun da suka shuɗe ne da ya danƙare ya zama dutse, don haka wanda yake ganin ƙwanso halitta ne dutse kuwa baƙon abu ne ga cikin kaza bai duba da kyau ba. Nijeriya tana da shi da yawa, a Obajana ta Kogi, da Okpella ta Edo, da Gboko ta Binuwai, da Ashaka ta Gombe, da Kalambaina ta Sakkwato, wuraren da masana'antun siminti suka zauna saboda shi. Ga mutumin Jos ko Abuja, hanyarsa ta fi ta Fatakwal ko Kalaba kusa, kuma a kayan da nauyi ne da su ba daraja ba, kuɗin mota shi ne rabin magana. Ba ya ɗauke da nama ko gishiri, ba ya ruɓa, ana samunsa rani da damina, kuma mai kyau yana kaiwa kashi 36 zuwa 38 na kalsiyam. A kan waɗannan dalilai ne manyan masu sarrafa abincin kaji a duniya suka fi dogara da shi.

Sai dai fari ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne laimiston yake da nasa tarkon. Akwai dutsen dolomayit, wanda kamanninsa ɗaya da laimiston amma kalsiyam ɗinsa bai wuce kashi 22 ba idan zalla ne, ragowar wurin magniziyam ya cike shi, kuma yawan magniziyam yana hana jiki amfani da kalsiyam, yana sa zawo, yana rage ƙwai. Ana haƙar irin wannan dutse a tsakiyar ƙasar nan don fenti da taki da kayan gini, saboda haka shigowarsa kasuwar kayan kaji ba abin mamaki ba ne. Akwai kuma farar ƙasa irin ta yumɓu da ake haƙa a Filato da Alƙaleri da Ƙanƙara, wadda ba ta da wani kalsiyam abin a zo a gani, da farin hodar da ake barbaɗawa a daɓen ɗakin kaji don kashe cuta, wadda ba ta ci ba ce sam. Aibi na biyu shi ne yawancin laimiston ɗin da ake kawowa an niƙe shi lilis kamar fulawa. Irin wannan yana narkewa nan da nan, ya wuce hanji tun da rana, dare ya yi kaza ba ta da ajiya, ga shi yana kwantawa a gindin mazubi, yana tayar da ƙura, yana rage wa kaji sha'awar ci.

Daga nan ne ƙwanso ya yi suna. A 1971 wasu masana a Jami'ar Konel ta Amurka, ƙarƙashin M. L. Scott, sun nuna cewa idan aka maye gurbin kashi biyu cikin uku na garin laimiston da ɓarzajjen ƙwanson kawa, ɓawon ƙwai yana ƙara ƙarfi. Binciken da ya biyo baya, musamman na David Roland a Jami'ar Obon ta Amurka, ya nuna cewa babban sirrin yana ga girman ƙwayar da saurin narkewarta, kuma laimiston mai kyau da aka ɓarza shi tsakuwa-tsakuwa yana yin aikin da ya yi kusa da na ƙwanso. Girman da kamfanonin da suke samar da irin kajin ƙwai suke ba da shawara a kai shi ne milimita 2 zuwa 4, wato tsakanin ƙwayar gero da ta dawa, kuma su kan ce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kalsiyam ɗin ya zama mai tsakuwa, saura ya zama gari. Abin da wannan yake nufi a kasuwa shi ne, wanda ya sayi ƙwanso da tsada sannan ya ce a niƙa masa shi lukui tare da masara ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa, wanda kuma ya samu ɓarzajjen laimiston mai tsabta ba lallai ya bukaci ƙwanso ba.

Garin ƙashi ba abokin takarar waɗannan biyu ba ne, ko da yake ana yawan jera su tare. Amfaninsa na gaskiya fosfaras ne, wanda ƙwanso da laimiston ba su da shi, kuma a cikinsa kalsiyam ya kan ninka fosfaras kusan sau biyu. Kaza tana bukatar fosfaras kaɗan don gyaran ƙasusuwanta, amma idan ya yi yawa yana raunana ɓawon ƙwai, saboda haka wanda ya ce zai cike duk kalsiyam ɗin da ƙashi zai kashe kuɗi da yawa ya sayi ƙwai mai saurin fashewa. Kilo 20 zuwa 30 a cikin tan ɗaya shi ne abin da aka saba gani a takardun haɗi, kuma ƙonanne sosai ya fi aminci a kan wanda aka busar kawai, saboda cututtukan da ɗanyen ƙashi yake iya ɗaukowa.

Lissafin kuɗi ba ya yiwuwa a kan farashin buhu, sai a kan kalsiyam ɗin da ke cikinsa. A ɗauka ana son abinci mai kashi 3.8 cikin 100, wato kilo 38 na kalsiyam a tan ɗaya. Idan garin ƙashi da sauran kayan haɗi sun kawo kilo 8, saura kilo 30, kuma samun wannan daga abu mai kashi 38 yana bukatar kusan kilo 80. Idan kuwa kashi ɗaya cikin biyar na buhun yashi ne, ƙarfinsa ya sauko zuwa wajen kashi 30, sai an zuba kilo 100 kafin a kai inda ake so, kuma waɗancan kilo 20 na yashi sun tare wurin da masara ko waken suya za su shiga. Mai kaji 1,000 da kowace take cin giram 115 yana ƙarar da tan ɗaya cikin kwana tara, don haka kuskuren da ya yi kama da ƙarami yana maimaita kansa fiye da sau uku a wata. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a wannan kaya tsada ma ba shaidar inganci ba ce, tun da buhun da ya fi tsada shi ne ya fi jan hankalin mai algus.

Jos da Abuja ba su da amsa ɗaya a kowane lokaci na shekara. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta yana sa kaji su ci abinci sosai, kuma kazar da take cin rabonta cikakke tana samun kalsiyam ɗinta ba tare da wahala ba. Matsalar mutumin Jos tana hanya, domin ƙwansa yana gangara Hawan Kibo ya bi Akwanga da Keffi zuwa Abuja, ko ya nufi Bauchi da Kano, kuma ɓawon da zai tsira a gona ba lallai ya tsira a bayan mota ba. Abuja kuwa a watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 35, kaji suna rage ci, suna buɗe baki suna haki, hakin nan yana fitar da iskar da jiki yake haɗa kabonet ɗin ɓawo da ita, sai ɓawo ya yi siriri ko da takardar haɗi ba ta canza ba. A irin wannan lokaci dole a ɗaga kason kalsiyam a abinci gwargwadon yadda ci ya ragu, a mayar da babban rabon abinci zuwa yamma, kuma a nan ne mai tsakuwa yake nuna fifikonsa a fili.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin ya danganta da shekarun kaji da yadda mutum yake samun abinci. Ga ƴan tsaki da masu tasowa, garin laimiston mai kyau ya wadatar, kuma kada kalsiyam ya wuce kusan kashi 1 cikin 100, domin yawansa kafin lokaci yana lalata ƙoda, kuma sau da yawa ɓarnar ba ta bayyana sai kaji sun fara ƙwai. Daga mako na 16 ko 17 ana ɗaga shi zuwa kashi 2 ko 2.5, lokacin da jikin kaza yake gina ajiyar cikin ƙashi. Daga fara ƙwai zuwa wajen mako na 45, laimiston rabi gari rabi ɓarzajje shi ne zaɓin da nake ganin ya fi dacewa da aljihun mai kiwo a garuruwan nan biyu, kuma ƙwanso yana shigowa ne idan ɓarzajjen bai samu ba ko ba a amince da dutsen da ake kawowa ba. Bayan mako na 45 ƙwai yana ƙara girma amma yawan ɓawon da kaza take iya yi ba ya ƙaruwa daidai da shi, hanjinta ma ya rage tsotsa, don haka a nan ne kuɗin ƙwanso mai tsabta yake biyan kansa, a matsayin kashi biyu cikin uku na kalsiyam, ko a barbaɗa giram 2 zuwa 3 ga kowace kaza a kan abinci bayan la'asar. Mai sayen abincin buhu da aka gama haɗawa kada ya cakuɗa ƙarin kalsiyam a ciki da ka, domin zai ruguza lissafin da aka riga aka yi. Ya zuba ɓarzajjen ƙwanso a wani mazubi daban, kajin da suke bukata za su ɗiba da kansu. Haka ma mai kajin gida ƴan kaɗan a bayan ɗaki, waɗanda ƙwansu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kajin gona ba, ƙaramin kwano ɗaya a gefe ya ishe shi.

Kafin a biya kuɗi akwai gwajin da ba ya bukatar ɗakin bincike. A ɗebi kaya daga gindin buhu, ba daga baki ba, domin yashi ƙasa yake sauka. A zuba cokali ɗaya a kofin gilashi a tsiyaya masa ruwan lemon tsami ko ruwan hal mai yawa: ƙwanso da laimiston na gaskiya za su yi ta kumfa suna narkewa, dolomayit zai yi kumfa kaɗan a sanyaye, yashi da farar ƙasa kuwa za su kwanta a gindi ba abin da ya same su. A tankaɗe mudu ɗaya da rariya a ga nawa ne ƙura nawa ne tsakuwa. Ƙwanso a shinshina shi, idan yana ƙarni ko ɗoyi a bar shi, a kuma juya ɓarɓashin a tafin hannu a ga ko falle-fallen kawa ne, ko masu kaurin makankari, ko murɗaɗɗun katantanwa cike da laka. Mai sayen tirela guda ya kamata ya wuce nan, ya kai samfur ɗakin gwaji a auna masa kalsiyam da magniziyam kafin a sauke kaya.

Akwai kuma lokacin da canza buhu ba zai yi maganin komai ba. Ƙarancin bitamin D3 a firimis, wato haɗin bitamin da ake zubawa cikin abincin kaji, idan ya tsufa ko ya sha rana, yana hana kalsiyam shiga jini ko daga ina ya fito. Cutar Niyukasil da cutar mashaƙon kaji mai yaɗuwa da cutar faɗuwar ƙwai duk suna kawo ƙwai mai laushi, ko mai yamutsattsen ɓawo, ko wanda launinsa ya koɗe. Raunin da ya zo daga abinci a hankali yake shigowa, ya fi bayyana a tsofaffin kaji da lokacin zafi, amma idan ɓawo ya lalace cikin kwana biyu ko uku tare da faɗuwar yawan ƙwai, ko tari, ko mace-mace, likitan dabbobi ake kira, kuma mutanen Filato suna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom inda ake kai samfur a tabbatar da cutar.